Baba Rufus, Wanda Ya Jera 'Ya'ya a Ƙarƙashin Sunan Uwarsu

Ƙarfe bakwai na safe Baba Rufus Kambai yake jingine kekensa a bayan ɗakin kati na ƙaramin asibitin unguwarmu a Kafanchan, ya yaye zanen da ya lulluɓe kwamfuta da shi, ya zauna jiran a kawo wuta. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, bayan shekara talatin da ɗaya.

Da aka kawo kwamfutar a 1995, wanda ya girka ta ya yi jeri biyu, na iyaye mata daban, na jarirai daban, ya koma Kaduna abinsa. Baba ya ce hakan ba zai yi ba. A wajenmu yaro sunansa uku: na gida, na baftisma, da wanda malami ya rubuta a makaranta. Uwa ce ba ta canzawa. Sista Magdalene, ungozomar asibitin, ta shaida mini wata goma sha huɗu ya yi da littafin koyon na'urar a cinya, yana bin tsofaffin katuna, yana sa wa kowane jariri lambar katin uwarsa. Daga ƙarshe ya saita ta yadda in an buɗe sunan mace, 'ya'yanta su jeru a ƙasa. Abokan aiki suna ta tsokanarsa, wai tsoho ya auri talabijin.

Ni ganau ce. Takarduna sun ƙone a rikicin 1992. Sau biyu makarantar koyon aikin jinya tana maido ni saboda shaidar haihuwa, har wani akawu ya ce in haƙura in koma gona. Ban koma ba. Ana saura kwana uku a rufe karɓar takardu na je wurin Baba. Ya nemi sunana na makaranta, Afiniki, babu.

"Bar sunanki, 'yata. Wa ta haife ki?"

Na ce Miriyam Dogara. Ya buga. Sai ga mu mu biyar, ni ce ta uku, da sunan Kasham da kakata ta raɗa mini, wanda rabona da jin sa tun ina ƙarama. Ranar likita ya sa hannu a shaidar haihuwata. Yau ina aji biyu.

Baba, kai ne ka zauna cikin zafi da ƙurar katuna saboda mutanen da ba su ma san kana yi ba. Na gode, Allah ya saka maka. Ku kuma da kuke riƙe da takardun jama'a, kafin ku ce wa mutum babu, ku ƙara masa tambaya ɗaya.