Muciyar Inna a Kan Injin Baba

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba Direba. Duk Bodinga da wannan suna aka san shi, ko bayan da ciwon ido ya raba shi da sitiyari. Wanda ya sa ni wannan rubutu kuwa jikana Nasiru ne, da bai taɓa ganinsa ba amma ya ɗauko shi sak wajen son mota.

Nasiru da abokansa in suka haɗu a ƙofar gida da la'asar ba su da hira sai ta mota. Sun san sunan kowace, da ƙasar da aka ƙera ta, da irin gudunta, duk daga waya. Tsohuwar ƙaramar motar da Nasiru yake jigilar 'yan kasuwa da ita zuwa Shagari, kullum cikin goge ta yake. Amma ranar da tayarta ta yi faci a hanyar Dandin Mahe, sai ya kira mai faci a waya, ya koma inuwa yana jira. Na yi masa tsiya son raina. Dattawan unguwa kuma suka samu abin faɗa, wai yaran yanzu baki gare su, ba hannu.

Ni ban bi sahunsu ba, don na san abin da aka faɗa a kan Baba. A zamanin Turawa, lokacin da mota ke gilmawa jefi-jefi, Baba yana saurayi da ya ji ƙuginta sai ya yar da fartanya a gona ya sheƙa bakin hanya. Kakanmu mai fatauci da jakuna ne, abin yana ƙona masa rai. Yakan ce, "Wanga yaro ko igiya bai iya tukkawa, sai bin ƙarhen Nasara." Kuma gaskiya ya faɗa, har Baba ya koma ga Allah bai iya tufka igiya ba. Ya dai bi motar ya koya, har wani attajiri ya danƙa masa babba mai bodin katako, yana kwasar gyaɗa da fatu daga Shagari zuwa Sakkwato.

A lokacin babu gareji a hanya, direba shi ne bakaniken kansa. In tankin mai ya tsage, da sabulu yake liƙe shi. Babban kayan aikinsa kuwa muciyar Inna ce. Wata safiya ya shiga madafa ya ɗauke ta, bai kuma mayar ba, Inna ta yi mitarta har ta gaji. Yakan ta da inji, ya ɗora bakin muciyar a jikinsa, ya manna ɗaya bakin a kunne, ya rufe ido.

'Ya'yansa na fari duk mata ne, ni ce babba, don haka ni ya kira. "Taho, Hajo, aza kunnenki. Mi kinka jiya?" Na ce ƙara kawai. Ya ce, "Duka ƙara ta, amma akwai ta lahiya, akwai ta ciwo." Ya riƙa gusar da muciyar wuri-wuri, har na ji wani abu na shuu-shuu kamar ana rege gero a ƙwarya. Ya ce famfon ruwa ne ya fara ci. Maƙwabta sun yi ta tsegumin 'ya mace a gindin mota, ko a jikinsa. Ban taɓa jin ina da daraja kamar safiyar nan ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Na tabbata da ya ga na'urar da bakanike ke jonawa ta faɗi ciwon mota, shi zai fara miƙa hannu ya ce a koya masa. Ba zai zagi su Nasiru ba, shi ma an zage shi. Abin da zai dame shi kawai, a ce kana son abu amma ba ka taɓa sauraronsa ba.

Da ya rasu, muciyar hannuna ta faɗo. Cikin 'ya'yana babu wanda ya damu da ita. Ga shi kunnena na hagu ya mutu, na dama yana bin sa. Tsorona shi ne abin da Baba ya zuba min ya bi ni kabari.

Makon jiya motar Nasiru ta fara wani kuka, ya ce Sakkwato zai kai ta a jona mata na'ura. Na ce ya ta da ita ya buɗe min gabanta, na fito da muciya. Abokansa suka tuntsire da dariya, ɗaya ya ce, "Hajiya, tuwo za a tuƙa muna?" Na ɗora, na manna kunne. Ban ji komai ba, sai karkarwar itacen a hannuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, hawaye suka cika min ido.

Na miƙa wa Nasiru. Ya karɓa don kada ya kunyata ni a gaban abokansa. Na kama hannunsa ina gusar da muciyar yadda aka yi min. Can sai ya daina murmushi, ya rufe ido, ba kuwa wanda ya ce ya rufe. Ya ce, "Hajiya, tsaya nan. Wurin ga kukanai daban ne."

Ya kai ta Sakkwato duk da haka, ban hana shi ba. Amma da zai tafi ya roƙe ni muciyar, na ba shi.

Motar Baba ta daɗe da ruɓewa, bai bar gidan siminti ba, hotonsa ma ɗaya ne. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Jiya da la'asar na leƙa ta zaure, na ga Nasiru ya ɗora wa abokin nan mai zancen tuwo muciya a kunne. Ban ji abin da yake ce masa ba, amma na ga bakinsa, na kuma san tambayar.