Ƙafa ta Huɗu ta Tankin Gidanmu

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Tizhe, kuma tankin ruwan gidanmu yana nan bisa ƙarafan da ya haɗa.

A lokacin yana koyon walda a shagon Malam Bukar, da injin nan mai tura waya da gas. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne walda a tsaye, daga ƙasa zuwa sama. Narkakken ƙarfe ƙasa yake nema, kai kuma sama kake kai shi. In ka yi sauri bai kama ba, in ka daɗe bututun ƙarfen ya huje. Ya aro injin, ya ce a ƙafafun tankinmu zai gwada hannunsa. Ni kuwa nakan juya wa hasken baya, in riƙa kallon inuwarsa a bango tana hawa a hankali.

Ƙafa uku ya yi haka. A ta huɗu gas ya kusa ƙarewa, sai ya ja waldar daga sama zuwa ƙasa cikin sauri. Ta fi sauran santsi.

"Kwalliya ce kawai, Masi," ya ce min. "Ba ta shiga ciki ba. Zan sake."

Zazzaɓi ya kwantar da shi kafin ya sake.

Tun daga nan Mama ba ta yarda kowa ya taɓa ƙarafan. A ƙarƙashin tankin take wanki, a nan take tsinkar yakuwa. Da daminar bana na ga tsatsa ta ja siririn layi kamar gashi a ƙafa ta huɗu. Duk ranar da aka cika tankin, nakan ji ƙarfen ya yi ƙas, sau ɗaya. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma na yi ta tunanin abin da Tizhe zai ce in ya ga inda Mama ta ajiye kujerarta.

Ranar Asabar, ruwa na shiga tankin, tana zaune a ƙasansa, na ce, "Mama, ki taso."

"Hannun ɗana ne. Ba zai kashe ni ba."

"Shi ya ce bai gama ba. Ina wurin."

Ta dube ni, ta dubi ƙarfen. Ruwa na ta zuba cikin tankin a samanmu. Can ta ce in kashe famfo, in kira Malam Bukar.

Da ya zo ya yanke wurin tsatsar, waldar ta ɓalle kamar ɓawon gyaɗa. Ya ƙwanƙwasa sauran ukun da guduma, ya bar su yadda suke.

Na san wata rana su ma tsatsa za ta ci su. Abin da Tizhe ya bar min shi ne bai kira aikinsa mai kyau ba alhali ya san cikinsa. Mama ce ta riƙe bututun ƙafa ta huɗu da hannu biyu, idonta a rufe, har Malam Bukar ya kai sabuwar waldar sama.