Jitar Nu'uman da Ƙaiƙayin Gero

Duk wanda injin ban-ruwansa ya taɓa tari a Kiru ya san Nu'uman. Shekara ashirin da wani abu yana zaune a rumfarsa ta bakin tasha, hannu baƙi ƙirin da man inji, yana kwance abin da ya lalace, wani lokacin har da abin da bai lalace ba. Yana da haƙuri da ƙarfe, amma ba shi da shi da mutane. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a ƙarƙashin gadonsa akwai jitar lantarki, garayar nan ta Turawa.

Tun yana saurayi ya same ta, lokacin da yake kula da janareta a wani otal a Kano. Wani makaɗi ya tashi komawa garinsu, kaya suka yi masa yawa, ya bar masa ita. Nu'uman ya koyi kiɗa guda ɗaya tak, kuma a nan ya tsaya. Matarsa Barakatu ta taɓa roƙonsa ya ba ta gangar jikin ta riƙa yanka kuɓewa a kai, tunda katako ne mai kyau yana zaman banza. Kwana biyu yana cin tuwonta fuska a ɗaure.

Mutum ɗaya ce a duniya take son kiɗan nan, autarsa Nusaiba. Tun tana goye, in ta tsala kuka, sai ya jawo jitar ya kaɗa mata ba wuta, ƙarar kamar sauro ya faɗa gwangwani, ita kuwa ta yi tsit. Da aka sa ranar bikinta da wani malamin makaranta na Tudun Wada, sai ta same shi yana alwala.

"Baba, ranar wuni ka kaɗa mini, amma da wuta. Ban taɓa jin ta da wuta ba."

"A gaban mata?"

"A gaban kowa, Baba."

Auta ce, ba ya iya ce mata a'a. Ya ce to.

Da ya jawo jitar ya duba a rana, sai ya ga duk ta tsufa. Fentin ya ɓaɓɓare, farin ya koma kalar haƙorin mai cin goro. Ya rantse ba zai kunyata 'yarsa a gaban gwaggwannin ango da wannan abin ba.

Saura kwana huɗu ya fara aiki. Ya kwance tsirkiyoyin shida, ya cire wuyan, ya zuba kusoshi a gwangwanin madara, ya gargaɗi duk gidan, har da kaji, kada a taɓa. Kwana biyu yana goge katakon da sanfefa har ya yi sumul. Ya sayo jan fentin fesawa irin na 'yan achaɓa, ya fesa sau uku, yana ja da baya yana karkata kai kamar wanda ya san abin da yake yi. Gaskiya ta yi kyau. Sai ya ɗaura mata waya ya rataye ta a reshen darbejiyar bayan gida, don nan ne iska ta fi kaɗawa, ya wuce masallacin Juma'a.

To, saboda iskar nan ce kuma Barakatu ta shekara talatin tana shiƙa a gindin darbejiyar nan. Nu'uman ya sani sarai, bai dai taɓa ɗaukar abin a matsayin labarin da ya shafe shi ba. Yana fita maƙwabta suka shigo da taɓarensu, aka sussuke geron furar biki, aka ɗaga ƙore sama. Ba wadda ta ɗaga kai ta kalli reshe.

Da ya dawo sai ya tarar jitar ta yi gashi. Ƙaiƙayi ya manne mata gaba da baya, fentin ya bushe da shi.

"Barakatu, wa ya ce ku yi shiƙa a nan?"

"Malam, wa ya ce ka yi shanya a nan?"

Ya sauko da jitar daga reshen. Sanfefa ta ƙare, fenti ya ƙare, wuni jibi. Ya samo man ƙyalli a wurin wani kafinta ya shafe ta, wai ya danne ƙaiƙayin. Bai dannu ba, ƙarfi ma ya ƙara.

Ranar wuni bayan la'asar ya mayar mata da wuya da tsirkiyoyi, ya haɗa ta da lasifikar Habu mai tallan maganin basir, ya rataya ta a kan sabuwar shaddarsa, ya tsaya tsakar gida. Kiɗan ya fito da ƙarfi har akuya ta tsinke igiya. Sai gumi ya karyo, ƙaiƙayin ya huda shadda ya sami ciki. Hannayensa biyu suna kan aiki, ba na susa. Ya fara goga cikin da jitar, ya karkaɗa kafaɗa, ya ɗaga ƙafa ɗaya. Gwaggwannin ango suka ɗauka rawar mutanen Kiru ce, suka rangaɗa guɗa, biyu ma suka miƙe suna kwaikwayonsa. Hawaye na zubo masa don azaba, amma bai tsaya ba sai da ya kai kiɗan ƙarshe. Nusaiba tana cikin mayafi tana dariya tana kuka, ba ta san wanne za ta bari ba.

Washegari aka kai amarya. Gidan ya yi shiru, shirun da bai yi wa Nu'uman daɗi ba ko kaɗan. Ya sayo sabuwar sanfefa, ya zauna gindin darbejiya, ya ɗora jitar a cinya zai kankare abin kunyar.

Barakatu tana wanke tukwanen biki ta ce, "Nusaiba ce ta yi shiƙar nan fa. Na hana ta fita rana, ta ƙi. Ta ce ta ƙarshe ce a gidan ubanta, a bar ta ta yi."

Nu'uman ya daɗe yana kallon ƙaiƙayin. Kewar 'yarsa ta kama shi. Ya naɗe sanfefar ya sa a aljihu.

Har yau jitar tana nan da gashinta. In zai kaɗa, sai ya yi ɗamara da tsohon buhu, kuma duk da haka sai ya yi susa.