Aron Ɗakin Kaka Sanatu

A gidanmu na unguwar Gbalahi ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar aikin Kaka Sanatu ce, wadda take suyar ƙwarar kaɗanya da ita kafin ta fitar da man kaɗe. In magariba ta wuce ba ta gama ba, sai mu jikokinta mu kewaye kaskon, hayaƙi na cika mana ido, tana juyawa tana magana. Ni ne babba a maza, don haka Maigida take ce mini, kullum kuma tana ƙorafin ban saya mata zane ba.

"Ga wata nan tafe," in ji ta.

Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Ta kunkuru muka fi roƙo. Wata shekara ruwa ya ƙi sauka, yunwa ta kama daji. Biri ya zo ya ce wa kunkuru ana biki a ƙetaren rafi, makaɗa sun rasa abin bugawa mai zaƙi. Ya ara musu ƙoƙon bayansa kwana uku, su kuma su kawo doyar da za ta ishi 'ya'yansa. Kunkuru ya dubi 'ya'yansa, ya tuɓe. A nan muke faɗuwa da dariya, don Kaka takan takure ta nuna yadda yake rufe jikinsa da ganye. Biri bai ci amana ba. Doya ta zo, ƙoƙo ya dawo har an shafe shi da mai. Amma sanyi ya riga ya shiga jikin kunkuru, a ƙarƙashin ganyen aka tarar da gawarsa.

Na taɓa tambaya, "Kaka, biri ne mugun?"

"A'a, Maigida. Hankalin kowa na kan doya da kiɗa. Ba wanda ya tambayi inda zai kwana."

Na girma, na yi karatu, na samu aiki a ƙaramar hukuma, a teburin da ke ba masu shirya fim izini. Muna son su zo Tamale, kuma da gaskiyarmu. In suka sauka, masauki ya cika, masu keke mai ƙafa uku da muke kira yelo-yelo su samu fasinja, masu tuwo su sayar, samari su samu aikin ɗaukar kaya. Ni na rubuta yawancin sharuɗɗan da hannuna: kada a tare hanya ranar kasuwa, kada a ɗauki hoto a maƙabarta, a ɗauki 'yan gari aiki, a mayar da gida yadda aka same shi.

Wata rana wasu suka zo daga kudu suna neman tsohon gida mai zagayayyun ɗakunan ciyawa. Sun yi yawo ba su samu ba, har suna maganar komawa wani gari. Shugabana ya ce, "Issahaku, kada ka bari su tafi." Sai na ce na san wani gida.

Lokacin Kaka ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Kawunnaina suka yi murna, don abin da za a biya zai gyara rufin gidan duka. Masu fim suna son wurin babu kowa kwana goma. Na je na durƙusa na gaya mata zan kai ta wurina a unguwar Bulpiela, akwai fanka, akwai famfo.

Can ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan ban kwana a wani wuri ba. Amma in kai ka ce, Maigida, to."

Wannan "to" na ɗauka a matsayin yarda. Na koma ofis na buga hatimi.

A Bulpiela ba ta san inda ƙofa take ba. A ɗakinta takan yi tafiya ba sanda, a nawa kuwa sai lalube. Ta rage cin abinci. Kullum da safe ta tambayi matata, "Yau saura nawa?" A kwana na shida ta tashi alwalar asuba, ta nemi bangon da ta saba dafawa, babu shi, ta faɗi. Ƙugunta ya karye. Daga asibiti ba ta dawo ba.

Masu fim ba su saɓa ko sharaɗi ɗaya ba. Sun gama a kan lokaci, sun share tsakar gida, har ta'aziyya sun zo. Da fim ɗin ya fito aka nuna shi a zauren taro, aka kira sunana, mutane suka tafa. Na zauna har inda aka nuno wata 'yar wasa zaune a bakin ƙofar Kaka, sannan na fita.

Shekaru na yi ina neman wanda zan ɗora wa laifi, kamar yadda na nema ina yaro, ban samu ba. Tatsuniyar da na haddace tun ban iya karatu ba, ranar da ta zo gabana a takarda ban gane ta ba.

Har yanzu ina kan teburin, har yanzu ina son su zo. Sai dai ba na buga hatimi sai na je gidan da ƙafata, na sa 'ya'ya da jikoki su fita, na zauna da tsoho ko tsohuwar da ke gidan, mu biyu. Kwanan baya a Kukuo wani dattijo ya ce mini ya yarda. Ban tashi ba. Da ya ga ba sauri nake ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, yara ne ke so."

Na mayar da takardar izinin cikin jaka ba hatimi. Da na fito na hau babur, sai na kasa tayar da shi, don kuka.