Indararon da Aka Ɗinke wa Baki

Buta a hannu, Mutari ya hau tsani tun rana ba ta gasa kwano ba. Haka yake yi kullum: rufin da ya buga jiya, yau sai ya tsiyaya masa ruwa daga can sama, ya tsuguna yana sauraron inda zai bi. Ruwa a kan sabon kwano yana da wata siririyar murya, kuma Mutari ya fi son ta da kiɗan kowane makaɗi.

Mutumin Damagaram ne, ɗan magina, jikan magina, da tubali da azara ya girma. Shekarar da aka samu ƴancin kai ya zo Yamai, ya sauka a Harobanda, kwalekwale ke ƙetarar da shi kogi kowace safiya. Ya tarar gari yana son kwano, sai ya koyi kwano, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Matarsa Tabawa takan ce tun da ya bar laka rigunansa suka huta.

Gidajen da ake ginawa na ma'aikatan gwamnati ne, benaye na siminti, amma an yi musu zanko da indararo irin na garinsu, an ɓoye kwanon a bayan gajeriyar katanga. Ran da ya fara ganin su sai da ransa ya yi fari.

Wannan safiyar ruwan ya gangara, ya isa gindin katangar, ya tsaya cik. Mutari ya zura yatsa a bakin indararo, ya ji siminti. Ashe na ado ne. Damina saura wata guda, kuma duk ɗakin da ya yi yoyo, mai rufi za a zaga.

Ya sauka ya iske Oumarou, shef ɗin aikin, a biro, wato ofishinsa.

"Shef, an ɗinke wa indararonka baki."

"Baba Mutari, kwalliya ce, haka zanen ya zo. Ga bututu can a kusurwa."

"Wancan? Ganye biyu sun toshe shi. Ruwan marka ba ya bin layi kamar ƴan makarantar lakkol."

Oumarou ya ƙyalƙyale da dariya. "Ku mutanen gabas, ko aljanna aka kai ku sai kun leƙa rufi."

"In tana yoyo, eh."

Shef ya buɗe zanen, ya daɗe yana kallo. "Wanda ya zana wannan a hoto ya ga gidajenku. Guda nawa za ka huda?"

"Duka goma sha shida. In shimfiɗa musu kwano a ciki, daga ƙasa ba mai ganewa."

"In injiniya ya tambaya fa?"

"Ka ce ya zo ranar ruwa ya tsaya a ƙarƙashin ɗaya."

Oumarou ya naɗe zanen, ya nuna bayan ƙofa da haɓa. Wata babbar guduma na jingine a wurin. Mutari ya ɗauke ta, ya jijjiga ƙotar ya ji ba ta motsi, ya saɓa a kafaɗa, ya fita.