Dokin da Na Kushe

A gidanmu na Maraɗi ba a yabon doki a gaban mutane. Mahaifina ya yi shekara talatin yana kiwon dawakin sukuwa, ban taɓa jin ya ce wannan yana da kyau ba. In baƙo ya tsaya a turke ya fara buɗe baki, sai Baba ya tari numfashinsa ya ce ai wannan jaki ne, ci kawai ya iya. Da baƙon ya ba da baya sai ya yi addu'a ya tofa wa dokin a goshi. Baki yake tsoro. Dokin da ya fi so shi ya fi shan zagi, wanda ba ya tsinana komai kuwa ka yabe shi har ka gaji, Baba ma zai taya ka.

Mutum ne mai kaushin harshe. Ranar da zan taso Amurka, a tasha, a gaban kowa, ya ce wannan ba zai yi wata uku ba zai dawo. Na daɗe ina riƙe da maganar nan a raina.

A Greensboro na yi dako a sito, na tuƙa motar haya, sannan wani ɗan garinmu ya ji ana neman mai kula da dawaki a wata gona da ke McLeansville, bayan gari, ya kai ni. Dawakin tsallake ne, waɗanda ake tsere da su a fili suna haura shinge, abin da ban taɓa gani a gida ba. Mai horar da su wani dogon Bature ne da maganarsa ba ta wuce kalma biyar a wuni. Mai dawakin kuma wata tsohuwa ce daga unguwar Irving Park, takan zo duk Asabar da karas cike da aljihun kwat ɗinta.

A shekarata ta biyu na ce musu ƙafar wata goɗiya ba ta yi mini ba. Suka duba ba su ga komai ba. Bayan kwana uku likita ya zo da na'urarsa ya ga jijiya ta fara tsagewa. Tun daga nan tsohuwar ta ɗauki idona ta ɗora a kai, duk abin da na ce game da doki ya zauna. Na ji daɗin haka, ban san igiya nake tufka wa kaina ba.

Sai aka kawo wani akawal, doki baƙi wuluk, ɗan shekara huɗu. A tseren fili, inda babu shinge, kullum shi ke rako sauran gida. Amma ranar da aka fara nuna masa shinge, ya miƙe kunne, ya auna, ya haura kamar mage ta hau katanga, ya sauka bai ko taɓa ganye ba. Na san na ga doki. Daga ranar kullum da safe sai na ce masa jaki, da Hausa, ina goge masa wuya.

Duk watan Fabrairu akan zauna a ɗakin sirada da kalanda da kofi a tsara inda kowane doki zai yi tsere a shekarar. A wannan zaman tsohuwar ta ce ƙarfinta ya ragu, cikin dawaki shida za ta rabu da ɗaya, ba ta dai yanke wanne ba. Ta tambaye ni wani jan doki da muke da shi, mai ƙirar gani a so amma mai tsoron inuwarsa. Na yabe shi da zuciya ɗaya, na ce ga ƙirji, ga wuya, ga tafiya. Me zan ji wa tsoro? Sai ta zo kan akawal. Ga ta, ga mai horo, ga wata ƙawarta da ta rako ta tana ta leƙen barga da manyan idanu. Bakin Baba ne ya fito daga bakina. Na ɗaga kafaɗa na ce yana dai cin abincinsa, ban ga wani abin a zo a gani ba.

Mai horo ya kalle ni, ya ninke wata takarda ya mayar aljihu. Ni kuwa na fita ina jin na yi wa dokina katanga.

Ranar Alhamis ta gaba mai horo ya ce in wanke akawal in gyara masa geza, mai saye zai zo daga Virginia ran Litinin. Na tambayi dalili. Ya ce tsohuwa ta ce tunda idona bai ga komai a jikinsa ba, babu amfanin ɓata shekara a kansa. Bokiti na hannuna, na ajiye shi a hankali. Haushin tsohuwar na fara ji, wai ita ba ta da ido ne? Sai da na gama wanke dokin kafin haushin ya dawo kan mai shi.

Da yamma na ɗauko maman yara daga kantin 'yan Afirka da ke Gate City Boulevard, ta sayo doya da busasshen kifi. A mota na ba ta labari, ina jiran ta taya ni jimami. Dariya ta yi har da dafa ƙirji.

"Malam, shekara ashirin kana ce wa tuwona ba laifi kana neman ƙari. Ni na san halinka. Ita tsohuwar nan a ina za ta sani?"

Na ce to in na yabe shi a gaban mutane ya je ya karye a shingen farko fa? Ta ce in ce masha Allah in faɗi gaskiya, sauran na Allah ne. Ta ce bakin da nake gudu ai ga shi ya kama dokin, kuma nawa ne ba na ƙawar tsohuwa ba.

Asabar ta yi. Na jira tsohuwar ta gama rabon karas, na ce ina da magana, mai horo ma ya zo ya ji. Muka tsaya a ƙofar ɗakin akawal, shi kuma ya leƙo da kansa kamar ya san shari'arsa ake yi. Na yi bisimilla a zuci na ce mata ƙarya na yi. Na ce tun da nake ban taɓa riƙe linzamin doki kamar wannan ba.

Da na fara sai bakin ya ƙi tsayawa. Na ce a ƙarshen Maris a kai shi kudu, inda ƙasa ke da yashi, a sa shi cikin waɗanda ba su taɓa cin tsere ba, kada kuma a matsa masa, ko na uku ya zo ya isa. A ƙarshen Afrilu a kai shi fili mai hawa da gangara, don numfashi gare shi ba gudu ba, a nan zai ci. Da zafi ya shigo a cire masa takalmi a sake shi a makiyaya, kofatonsa ba ya son busasshiyar ƙasa. In Oktoba ta yi a haɗa shi da sa'o'insa da suka ci sau ɗaya. Shingen katako kuwa kada a ko nuna masa sai ya shekara shida. Bayan kowace jimla ina cewa in sha Allah, har tsohuwar ta fara gyaɗa kai a daidai wurin.

Mai horo ya zaro takardar nan daga aljihu ya miƙa mata. Kusan abin da na faɗa ne ya rubuta tun kafin zaman Fabrairu, sai dai shi ya so a gwada shi sau ɗaya a watan Mayu. Ya ce da ya ji na kushe dokin sai ya ɗauka na ga wani aibu da shi bai gani ba. Ranar ya yi magana ta wuce kalma biyar.

Tsohuwar ta tambaye ni me ya sa na yi haka. Na ba ta labarin Baba da turkensa. Ta juya ta kalli jan dokin da ke can ƙarshen barga.

"Shi wancan da ka yaba fa?"

Na sunkuyar da kai na ce wancan kam a yabe shi da kyau, babu abin da zai same shi. Ta yi dariya har ta jingina da bango. A nan tsaye ta kira mai sayen ta ce ya zo Litinin ɗin, amma jan doki zai gani.

Da suka tafi na shiga wurin akawal na zauna a kan bokiti. Wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har ƙafa, na yi ta hamdala. A Maris ɗin ya zo na huɗu, ya dawo da ƙafafunsa huɗu lafiya, ni kuwa ban nemi fiye da haka ba. Amma a wannan Asabar ɗin ban san abin da zai faru ba, na dai san na yabe shi a bainar jama'a. Na tashi na kama kansa, na karanta abin da Baba ke karantawa, na tofa masa a goshi.

Ina goge wurin da babban yatsa sai na tuna tasha. Bayan Baba ya gama faɗa wa mutane ba zan yi wata uku ba, ya ja ni bayan mota inda ba kowa, ya kama kaina da hannu biyu ya tofa mini a goshi. Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da maganar, na manta da tofin.