Butar Auta

Ni dai tun ina yarinya aka san ni da bin diddigi, har a gidanmu na Mirriya ana cewa ba a ajiye magana kusa da ni. Shi ya sa butar autanmu ta tsaya mini a rai.

Auta shofer ne, yana jan motar haya, hiyas, tsakanin Mirriya da Damagaram. Shi ke kai Inna asibitin ido duk sati biyu, a kujerar gaba, don ganinta ya kusa ƙarewa. Buta biyu gare shi a motar. Baƙa tana nan bakin ƙofa, kowa ya ɗauka. Shuɗiya kuwa ƙarƙashin kujerarsa take kwana. Kafin mota ta tashi sai ya ɗauke ta ya zaga bayan katangar tasha. Wa zai tambayi namiji da buta ina za shi? Sai dai ni na lura yana dawowa hannu da ƙafa a bushe ƙayau, bakinsa cike da kanumfari.

Wata ranar kasuwa na rako Inna. Mota ta cika, wani dattijo ya nemi ruwan alwala, baƙar buta ba ko ɗigo. Ya miƙa hannu ga shuɗiyar, Auta ya janye ta da sauri.

"Ta huje, Baba."

A garinmu ko maƙiyinka ba ka hana shi buta. Na bar Auta ya zaga, na bi shi, na fizge butar na shinshina. Giya ce. Kunya da haushi suka rufe ni.

"Auta, da wannan kake ɗaukar uwarmu?"

"Yaya, rage murya don Allah. Tun ranar da na ciro abokina daga motarsa da ta yi haɗari a hanyar Droum, in na kama sitiyari hannuna rawa yake. Kurɓi biyu ne kawai, su ke tsayar mini da shi. Hanyar nan ko ido rufe na san ta. Ko akuya na taɓa bugewa?"

Ban yarda da kurɓi biyun ba, don butar ta wuce rabi da sauka, kuma hantsi bai gama dubawa ba. Na tuntsurar da sauran a ƙasa, na nufi mota na buɗe ƙofar gaba.

"Inna, sauko, wata motar za mu shiga."

Ba ta motsa ba. Ta laluba ta kamo hannuna, ta jawo ni kusa da bakinta.

"Idona ne ya tafi, hancina yana nan. Na fi wata uku ina jin warin."

"Kuma kike shiga?"

"In ina gefensa a hankali yake tafiya. In na sauka, mutanen da ke baya fa?"

Ni da nake ganin na fi kowa lura, ashe ni ce ta ƙarshen sani. Na matsa na zauna kusa da ita, buta wayam tsakanin ƙafafuna. Auta ya shigo bai dube mu ba, ya tada mota. Har muka shiga Damagaram idona na kan hannunsa, Inna kuwa tana jan carbi, ɗaya hannun nata a kan gwiwarsa.